Tamaula Mai Cin Hannu

Ku yi a'uziyya kafin in fara, domin wannan ba labarin dariya ba ne. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Makarfi a ƙarshen zamanin Turawa ya san Ja'afaru Mai Sikeli. Wasu sun san shi cikin babbar riga, wasu sun san shi cikin tsumma. Ni na san shi a duka biyun. Abin da ban gani da idona ba kuwa daga bakinsa na ji, don bayan al'amarinsa ya lalace babu wanda bai tsare a bakin kasuwa ya zayyana masa ba, har mutane suka riƙa canja hanya.

Ja'afaru ma'auni ne a fulotin auduga, inda manoma ke kai kayansu a auna a saya. Yini yake yana ɗora buhunan wasu a sikeli, yana kallon masu lasin saye suna ta ƙiba, shi ko takalmin kirki babu. Mutum ne mai zafin nema da ƙaramin haƙuri. In maƙwabcinsa ya sayi keke, sai Ja'afaru ya kasa cin tuwo. Abu biyu kaɗai ke sa fuskarsa ta saki: ƙwallo, da ɗansa Lawal. Lawal shi kaɗai Allah ya bar masa da matarsa Sabuwa, sauran duk sun koma tun suna goye.

A lokacin ƙwallo ya shigo mana daga Zariya, samari sun haukace a kansa. Ja'afaru ya tara waɗanda suka fi ƙafa ya kafa ƙungiya, ya sa mata suna Guguwa. Yakan ba su ɗan abin da zai hana su tafiya cin rani, saboda haka da kaka ta wuce ba su da wata sana'a sai buga tamaula. Lawal ne ɗan gabansu. Amma fa sunan ne kawai Guguwa, ko kara ba ta ɗagawa. Kudan ta zo ta lallasa mu, mu je Ikara a yi mana ihu.

Ana nan sai wani Baturen kamfanin auduga, wanda muke kira Mai Lofe saboda lofen shan tabarsa ba ya barin bakinsa, ya sa kofi tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan. Mutumin nan in ya ga ƙwallo mantawa yake shi babba ne. Ya ce duk uban ƙungiyar da ya ɗauki kofin, shi zai ba lasin sayen auduga na wannan shekara. Dattawa suka ce, to, ga wani sabon salo, yau kuma da ƙafa ake raba arziki. Ja'afaru kuwa tun daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Yana da wa, Tukur, tela ne, shi ke ɗinka wa yaran riguna. Shi ya fara kawo maganar.

"Ja'afaru, yaran nan suna da ƙafa, kai ne ba su da shi. Kowa ya samu tamaula sai ya ruga da ita kamar ya sato kaza. Mu ɗauko Baba Sada."

"Wane Sada? Tsohon sojan nan na Likoro?"

"Shi. A bariki ya koyi abin nan, ya kuma horar da ƙungiyoyi a Zariya tun ba a haifi Lawal ba."

"Haba Yaya! Mutumin da gwiwarsa ke ƙara in zai tashi? Ƙwallo na masu jini a jika ne."

"Ai ba gudu za ka ɗauke shi ya yi ba. Ka dai je ka ji ta bakinsa."

Ja'afaru ya hau aron keke ya tafi Likoro. Ya tarar da tsohon zaune a ƙofar zaure, da wata tsohuwar tamaula a cinya, yana shafa mata kitse. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Tamaular da ta fata ce, da tubun roba a ciki, da igiya a baki. In aka yi wasa ba a shafa mata kitse ba, sai ta bushe ta tsage. Ja'afaru ya durƙusa suka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiyar hanya, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Baba Sada bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Na taɓa ganin yaranka. Za su yi. Amma ka cire ranka daga kofin bana, wataƙila ma da na baɗi. Sai na rushe abin da suka iya na sake gini."

"Baba, lasin bana ake magana."

"Na ji. Ni ƙwallo na iya, ban iya lasin ba. Kuma ɗanka, yaron kirki ne, amma ba ya ba kowa. Zai zauna a waje sai ya koyi bayarwa."

Nan Ja'afaru ya ji kamar an mare shi. Ya yi sallama a daƙile. Da ya dawo ya ce wa Tukur tsohon ya ruɗe, ba za a ɗauke shi ba, kada a sake ta da zancen. Tukur ya ce, "Sauri dai ya haifi nawa." Ja'afaru ya ce a bar nawar ta zo, shi ya gaji da jira.

Akwai wani kurmi can bayan Malikanchi wanda ko Fulani ba sa kora shanu cikinsa. A nan wani boka yake, ana ce masa Mai Tsakar Rana, domin ba ya ganin kowa sai lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Ja'afaru ya je da baƙin bunsuru da tamaular ƙungiya a buhu, kamar yadda wanda ya yi masa kwatance ya ce.

Ya ce tun da ya shiga kurmin bai ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Rana na tsakiyar ka, amma sanyi ke fitowa daga ƙasa. Ya tarar da wata bukkar kara a gindin matacciyar itaciya, an jera ƙahoni a bakinta. A gefe ga wani baƙin tulu an binne shi zuwa wuya, gashin kaji ya manne a bakinsa da busasshen jini, ƙudaje sun lulluɓe shi amma ba sa ƙara. Bokan ɗan siriri ne, fatarsa kamar busasshiyar kuka, yana zaune a kan turmin da aka kifa. Ja'afaru ya buɗe baki zai yi sallama.

"Riƙe sallamarka," in ji bokan. "Ba a yin ta a nan. Me kake nema?"

"Kofi."

"Kofi ƙarfe ne. Maƙera na Makarfi sun mutu ne?"

Ja'afaru ya ce, "Arziki nake nema."

"Yauwa. Yanzu ka yi magana."

Bokan ya kwantar da bunsurun ya juya shi yamma, ya yanka ba tare da ya ambaci sunan Allah ba. Jinin ya tsiyaya cikin tulun, sai Ja'afaru ya ji ana haɗiya daga ciki, ƙwat, ƙwat, kamar mai ƙishi. Bokan ya farke cikin dabbar ya ciro mafitsara. Ya kwance igiyar tamaula, ya zare tubun ya yar, ya cusa mafitsarar a madadinsa. Sannan ya miƙo masa.

"Hura. Da bakinka."

Ja'afaru ya kafa baki ya hura. Ya ce yana cikin hurawa ya ji an ja daga ciki, an zuƙe shi har sai da idonsa ya yi duhu. Da ya farfaɗo, bokan ya riga ya ɗinke bakin da jijiya. Tamaular ta cika tam, kuma da ɗumi a jikinta irin na mai rai.

"Duk wasan kofin da aka buga da ita, naka ne. Amma tana da ƙishi. Ranar da ta ɗauko maka kofi, kafin rana ta faɗi, a shafa mata kitse. Ba da hannunka ba. Da hannun wanda ke cin tuwon gidanka."

"Me zai sami hannun?"

"Sayen nasara ka zo ko tambaya?"

"In ba da sa mana. In ba da biyu, in na samu."

Bokan ya yi wata dariya marar sauti. "Ni ka ga na yi kama da mai cin sa? Ba ni ke ci ba. Ita ke ci, kuma ta faɗi abincinta."

"In ba a shafa ba fa?"

"Numfashin wa ke ciki?"

A nan ne fa, jama'a, mai sauran imani zai tashi ya bar buhun ya ruga. Ja'afaru ya gane sarai. Kada wani ya ce muku yaudararsa aka yi. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Dole sai jinina?"

"Na ce mai cin tuwonka. Ban ce ɗanka ba."

Ja'afaru ya ɗauki tamaula ya sa a buhu. A hanya yana lissafin bakunan da ke ci a gidansa waɗanda ba shi ya haife su ba.

Abin da ya biyo baya, mu da muka gani har yau muna mamaki. Bisa al'ada kowace ƙungiya takan kawo tamaularta a buga rabin lokaci da ita. To, da an sa ta Guguwa a fili sai wasa ya juye. Ɗan Kudan ya buga ta gabas ta yi yamma. Golan Ikara ya kama ta da hannu biyu ta zame ta shige raga. Muka yi ta ihu muna cewa yaranmu sun iya. Guguwa ta ɗauki kofi, Mai Lofe ya cika alkawari.

Ran nan da la'asar Ja'afaru ya kira Gambo, golan ƙungiya. Maraya ne daga Nasarawan Doya, a zauren Ja'afaru yake kwana, kwano ɗaya suke ci da Lawal. Ya miƙa masa gwangwanin kitse ya ce, "Ɗana, shafa mata, ta yi mana aiki." Gambo ya karɓa da murna, yana shafawa yana waƙa.

Kafin sati ya zagayo yatsun Gambo sun ƙanƙance. Hannun ya bushe ya yi baƙi kamar ƙirare, bushewar ta haura kafaɗa, ta gangara ƙirji. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kai shi asibiti a Zariya, likita ya juya shi ya juya ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Da aka zo ɗaukar gawarsa, mutum ɗaya ya ɗaga ta kamar dami. Ja'afaru ya yi kuka a makabarta, ya kuma sayi likkafani mai tsada.

Arziki kuwa ya zo kamar an fasa rumbu. Auduga ta yi kyau a shekarar, kowa ya kai fulotin Ja'afaru. Ya rushe gidan ƙasa ya yi na kwano, ya buɗe kanti, ya sayi babbar mota mai ɗaukar kaya. Wanda jiya ake kira "kai Mai Sikeli" ya koma "ranka ya daɗe". Maroƙa suka sa masa kirari. Sabuwa ta sa zinariya a kunne, amma ba ta canja ba, ita ce dai mai tashi da asuba ta share tsakar gida da hannunta. Abu ɗaya Ja'afaru ya kafa wa Lawal doka a kai: kada ya kuskura ya shafa wa tamaular kofi kitse, wai aikin barori ne, ba na ɗan maigida ba.

Shekara ta zagayo, Guguwa ta sake ɗaukar kofi. Wannan karon Ja'afaru ya tanadi wani lebura, Musa, ya yi wata da watanni yana ciyar da shi. Amma Musa ya ga yadda Gambo ya ƙare, ya kuma ga irin kallon da maigida ke yi masa. Ana tashi daga wasa ya sulale, ko tabarmarsa bai ɗauka ba. Ja'afaru ya ajiye tamaula da kitse a tsakar gida ya fita nemansa, yana zage-zage, yana kallon rana tana sauka. Ya duba tasha, ya duba kasuwa. Da ya dawo a guje, numfashinsa na sarƙewa, sai ya tarar da Sabuwa zaune a kan kujerar tsugune, tamaula a cinyarta tana ƙyalli.

"Malam, kwantar da hankalinka," ta ce. "Wannan ɗan aikin ne kake ta faɗa a kai? Ga shi na yi maka."

Ita ba hannun kaɗai ta ci ba, har da hankalin. Sabuwa ta fara cewa tana jin ana buga tamaula a cikin ɗakinta, dum, dum, dum, ba dare ba rana. Ta riƙa toshe kunne da auduga, ta riƙa ce wa marigayi Gambo ya fita waje ya yi wasansa. Matar da ko muryarta maƙwabta ba su sani ba, sai ga ta tana ihu har masallaci ana ji. Aka sa mata mari a ƙafa. Lawal ya daina fita, shi ke ba ta abinci a baki, ita kuwa ba ta gane shi ba. Da damina ta faɗi ta rasu, hannunta na dama kamar tsinke.

Ja'afaru ya koma kurmi. Ya jefa buhun a gaban bokan ya ce ya karɓi abarsa.

"Ba tawa ba ce. Wanda ya ci ladan kuturu ai ya san sauran."

"Zan ƙone ta."

"Ƙone. Numfashinka ne a ciki."

"To na fasa shiga kofin."

"Ta riga ta saba. Ka shiga ko kada ka shiga, shekara na zagayowa za ta nemi abincinta. In babu hannu, akwai kai."

Ja'afaru ya ɗauki buhunsa ya fito. Gari kuwa ya fara ƙus-ƙus. Ba wanda ya san takamaiman abin da ke faruwa, amma barori sun watse, 'yan wasa sun daina cin tuwon gidansa, kowa ya ce ya ƙoshi. Aka wayi gari masu ci daga tukunyar gidan su biyu ne, shi da Lawal. Da ya ba da kansa mana, tunda shi ya ɗebo? Ina! Mai kwaɗayi ba ya mutuwa don wani. Sai ya tuna da wani tsoho a ƙofar zaure a Likoro, da tamaula a cinya, yana shafa mata kitse da hannunsa.

Ya tara ƙungiya a gindin durumin bakin fili ya ce yana so a ɗauko Baba Sada.

Tukur ya ajiye goron da zai kai baki. "Lokacin da ake lallasa mu ka ce ya ruɗe. Yanzu da ba mai iya ja da mu kake nemansa?"

"Yaya, girma ya zo mana. Ƙungiya mai kofi ba ta zama ba babba a kanta. Abin da tsoho ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Wani cikin yaran, Sa'idu, ya ce, "Mu dai muna cin wasanmu lafiya. Tsohon soja zai zo ya sa mu gudun safe kamar fursunoni."

Lawal ne ya miƙe. Tun rasuwar uwarsa ba a ji ya yi doguwar magana ba. Ya ce, "Sa'idu, mu faɗi gaskiya. Mun iya ne? Ni kaina ina buga abu in ga ya shiga, ban san yadda aka yi ba. Ina so in ci ƙwallon da na san ni na ci. Baba, Allah ya saka maka, a ɗauko shi."

Tukur ya daɗe yana kallon ƙanensa. Ya ce, "Maganar daidai ce. Bakin da ta fito ne ban gane ba." Amma aka tashi a kan za a ɗauko shi.

Baba Sada ya zo da 'yar jakarsa da usur a wuya. Ya ce abin da ya kawo shi, ya ji labarin yaran da ke cin kofi ba su iya ba da ƙwallo ba, yana so ya ga wannan abin al'ajabi kafin ya mutu. Ja'afaru ya sauke shi a ɗakin da ya fi kyau. Kullum tuwon shinkafa da miyar kaji, kullum fura da nono mai kauri. Tsohon yakan ce, "Maigida, za ka lalata ni." Ja'afaru ya ce, "Ci, Baba, gidanka ne."

Tsohon nan ya yi aiki, wallahi ya yi. Ya zaunar da Lawal a waje har sai da yaron ya koyi ɗaga kai ya nemi ɗan'uwansa. Ya koya musu tsayuwa, ya koya musu haƙuri. Da tsofaffin tamaula suke atisaye, ta kofi tana kulle a akwatin Ja'afaru. Lawal ya manne wa tsohon, fuskarsa ta dawo, har aka fara jin dariyarsa. Ja'afaru kuwa bai taɓa leƙa filin atisaye ba, yana fuloti yana tara abin duniya. Da ya je ko sau ɗaya, da ya ga dokar Baba Sada wadda kowane yaro a Makarfi ya sani: duk wanda ya ci ƙwallo, shi zai zauna a ƙasa a gaban kowa ya shafa wa tamaula kitse, don kada kansa ya kumbura. Kuma a filinsa babu ɗan maigida.

Aka zo wasan ƙarshe a Ikara, mu da Kudan. Da safe Ja'afaru ya damƙa wa tsohon gwangwanin kitse ya ce, "Baba, in an tashi, kada a bar ta ta bushe." Tsohon ya sa a aljihu. Fili ya cika, hakimai a rumfa, Mai Lofe na ta busa hayaƙi. Rabin farko, da tamaular Kudan, Sa'idu ya ba Lawal, Lawal ya mayar masa, ya sake karɓa ya narka ta a raga. Ƙwallo mai tsabta, wanda ba boka a cikinsa. Shi kaɗai aka ci har aka tashi, domin da aka sa ta Guguwa Kudan ba su ƙara ganin hanya ba.

Alƙali na busa usur jama'a suka ɓarke. Aka sunkuci Ja'afaru aka ɗaga shi sama, aka nufi rumfa da shi, kalangu na tashi, mata na guɗa. Daga can saman kafaɗun mutane ya waiga yana neman tsohon. Ya hango shi tsaye a tsakiyar fili, hannuwansa a baya. A gabansa kuwa Lawal ne zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafa, baƙar tamaula a cinyarsa, yana buɗe gwangwani.

Ja'afaru ya kurma ihu. Ya kira sunan ɗansa har muryarsa ta tsage. Ya yi ta dukan kawunan waɗanda ke ɗauke da shi yana cewa su sauke shi. Su kuwa suka ɗauka murna ce, suka ƙara ɗaga shi, makaɗa suka ƙara wuta. Ina cikin taron, na ga bakinsa a buɗe, na ga hawaye, ni ma na ce daɗi ne ya yi masa yawa. Kafin ya ƙwace ya ratsa mutane ya isa, Lawal ya gama. Ya ɗago hannuwansa biyu suna maiƙo yana murmushi.

"Baba, ka yi haƙuri, na karya dokarka. Dokar fili ce ta fi ƙarfi."

Ba abin da Ja'afaru bai yi ba. Ya wanke hannun yaron da toka, ya wanke da kananzir. Ya ruga kurmi ya tarar bukkar ta rushe, tulun a fashe, ba kowa. Ya tara malamai, ya yanka shanu, ya ce a ɗauki kanti da mota a bar masa ɗansa. Hannu biyu Lawal ya sa, saboda haka abin bai ja lokaci ba. Ranar da zai cika, ƙirjinsa ya riga ya bushe, muryarsa kamar ta sauro, ya ce, "Baba, ka ga ƙwallon? Ni na ci shi da kaina." Ja'afaru ya ce ya gani. Yaron ya ce, "Bature ya sabunta maka lasin?" Ya ce ya sabunta. Lawal ya ce, "Alhamdu lillahi," ya rufe ido.

A bakin kabari Ja'afaru ya fashe. A gaban liman da hakimi da kowa ya faɗi komai, tun daga bunsuru har zuwa dalilin da ya sa ya ɗauko tsohon. Mutane suka ja da baya kamar sun ga kumurci. Tukur ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Baba Sada kaɗai bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon ƙasar da aka tula.

"Ashe kiwona kake yi, kamar ragon layya," ya ce. "Kai Ja'afaru, kai wawa ne. Ni me ya rage mini? Da ka zo ka ce mini, Baba, ko kai ko yaron nan, wallahi tallahi da na karɓa na shafa da hannuna, ina dariya."

Ya juya ya kama hanyar Likoro da ƙafa. Bai ƙara taɓa tamaula ba har ya koma ga Allah.

Sauran labarin gajere ne. Guguwa ta watse a ranar. Manoma suka gwammace su kai audugarsu nesa da su taka fulotinsa. Kamfani ya karɓe lasin, mota ta faɗa rafi, gobara ta cinye kanti. Da shekara ta zagayo ba hannun da zai shafa, sai tamaular ta juyo kan mai ita, kamar yadda aka faɗa masa. Amma ba ta yi masa gaggawa ba. Kaɗan-kaɗan ta riƙa zuƙarsa, shekara da shekaru, yana tafe yana haki kamar wanda aka shaƙe, yana roƙon mutuwa tana ƙi. Yakan zauna a bakin kasuwa da ƙwaryar tuwo yana kiran duk wanda ya wuce, "Zo mu ci, don Allah zo mu ci." Ko kare ba ya matsowa.

To, ku ji ni da kyau, masu gaggawar a ce da ku wane. Babu boka mai ba da kyauta, kuma wanda ya yarda a yanka ɗan wani don ya hau, ya riga ya wasa wuƙar da za ta shiga gidansa. Ja'afaru ya sami kwano da mota da kirari, ya biya da duk wanda ya taɓa ƙaunarsa. Ranar da aka tsinci gawarsa a bayan rumfar mahauta, sai da liman ya bi gida-gida yana roƙo kafin a sami waɗanda za su ɗauki makararsa. Allah ya tsare mu da son zuciya, ya ba mu haƙurin jiran rabonmu.